Samuel Stokes, Ba'amurken da Ya Dasa Tuffa a Tsaunukan Himachal

Duk wanda ya taɓa riƙe wuƙar auren dashe ya san ƙwallon tuffa ba ya riƙe amana. Ka shuka irin mai zaƙi, bishiyar da za ta tsiro ta ba ka 'ya'ya masu tsami ko bauri. Shi ya sa muke yanko reshe daga uwar da muka yarda da ita mu aura shi a kan wani gindi, yadda ake yi wa mangwaro da lemo a nan gida. Saboda haka idan masu sana'armu suna ba da tarihin tuffa a wata ƙasa, abin da suke bi shi ne hannun da ya kawo reshen farko da hannuwan da suka karɓa daga gare shi. A jihar Himachal Pradesh ta arewacin Indiya, da an bi sawun nan sai a tsaya a ƙofar mutum ɗaya, Samuel Evans Stokes.

An haife shi a Filadelfiya ta Amurka a 1882, a gidan masu hali mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker. Mahaifinsa yana da kamfanin ƙera na'urar hawa bene, kuma kowa ya ɗauka yaron ne zai gaje shi. Sai ga shi a 1904, yana ɗan shekara 22, ya kama hanyar Indiya don ya yi jinyar kutare a Subathu, cikin tsaunukan Simla. Da girgizar ƙasa ta rushe Kangra a 1905, yana cikin masu kai agaji. Ya yi shekaru yana zaman talauci da gangan, har 1912 da ya auri wata 'yar yankin mai suna Agnes, ya kafa gida a Thanedar kusa da Kotgarh. Daga nan noma ya shigo rayuwarsa, domin mai iyali dole ya duba abin da ƙasar da yake zaune a kanta za ta iya bayarwa.

Ba shi ne ya fara dasa tuffa a waɗannan tsaunuka ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Kyaftin R. C. Lee ya kafa lambu a kwarin Kullu tun 1870, wasu Turawan Ingila ma sun biyo bayansa. Sai dai irin da suka kawo, su Pippin, masu tsami-tsami ne da suka dace da bakin Bature, mai saye a kasuwar Indiya kuwa zaƙi yake nema. Mu masu renon dashe mun sha ganin wannan: iri ya yi kyau a lambu, ya jure cuta, ya yi 'ya'ya jingim, amma kasuwa ta juya masa baya.

Abin da Stokes ya kawo a 1916 shi ne irin Delicious daga gidan renon dashe na Stark Brothers da ke garin Louisiana a jihar Missouri. Shi ma wannan iri yana da nasa labarin. Wani manomi a jihar Iowa, Jesse Hiatt, ya ga tsiron ya fito a inda bai dasa ba, ya sare shi ya sake tohowa, daga baya ya ƙyale shi ya kira shi Hawkeye. Gidan Stark suka saye shi suka sauya masa suna. Ja ne, mai zaƙi, mai kaurin ɓawo, kuma yana jure doguwar tafiya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a Kotgarh, inda a lokacin kaya ke yin tafiyar kusan kilomita 80 a bayan alfadarai kafin su isa Simla. Bayan 'yan shekaru Golden Delicious ta biyo baya, kuma ta yi aiki biyu, domin jar Delicious ba ta ɗaukar 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma sun kawo mata garin fure daga wani iri na daban.

Sai jira ya fara. Dashen wancan zamani a kan gindin da aka tayar daga ƙwallo ake aura shi, kuma irin wannan bishiya takan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ta biya mai ita. Sai a 1926 Stokes ya fara kai tuffarsa kasuwa. Maƙwabtansa sun ja baya da farko, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke ci daga ɗan tudun alkama da sha'ir, yaya za ka ce masa ya ba bishiya gonarsa ya dakata shekara takwas? Stokes bai tsaya wa'azi da baki kawai ba. Ya raba dashe kyauta, ya koya wa mutane auren dashe da askin rassa, kuma a makarantar da ya buɗe a 1924 da sunan ɗansa Tara wanda ya rasu yana ƙarami, yara sun koyi kula da bishiya tare da karatu.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da akan ba da shi daban, kamar bai shafi lambu ba, alhali a ganina shi ne gindin abin duka. A lokacin akwai aikin tilas da ake kira begar: jami'in gwamnati ko bafade na iya kama manomi ya ɗora masa kaya, ko da ana tsakiyar girbi, ba tare da ladan kirki ba. Tuffa kuwa tana da ranakunta. Aski da sanyi ake yi, tsinka kuma idan lokacinsa ya wuce ya wuce. Manomin da bai mallaki ranakunsa ba ba zai riƙe lambu ba. Stokes ya haɗa kan mutanen Kotgarh suka ƙi wannan aiki har hukuma ta janye shi a yankin. Ya kuma shiga jam'iyyar Congress, ya sa tufafin saƙar hannu irin ta su Gandhi, ya sa hannu a takardar 1921 da ta nemi Indiyawa su bar aikin gwamnatin mulkin mallaka. A ƙarshen shekarar aka kama shi aka yanke masa ɗaurin wata shida a Lahore. Shi ne Ba'amurke ɗaya tilo da aka ɗaure saboda gwagwarmayar 'yancin Indiya. A 1932 ya koma addinin Hindu ya ɗauki sunan Satyanand, ya rasu ranar 14 ga Mayu 1946, shekara guda da 'yan watanni kafin samun 'yancin kai.

Bunƙasar sana'ar bayansa ta zo. Y. S. Parmar, babban ministan Himachal na farko, ya ɗauki tuffa da muhimmanci, aka shimfiɗa hanyoyin mota zuwa ƙauyukan tudu, aka kafa kamfanin jiha mai sayar da amfanin lambu a 1974, sannan jami'ar koyar da aikin lambu da gandun daji mai ɗauke da sunan Parmar a Nauni a 1985. Yau Kashmir kaɗai ta fi Himachal yawan tuffa a Indiya.

Dogaro ga dangin iri ɗaya kuma ya zo da nasa kuɗin. Cutar tabo ta yi wa lambuna ɓarna a farkon shekarun 1980. Delicious na bukatar sanyi mai tsawo, wajen awa 1,000 ƙasa da digiri 7, kafin ta yi fure yadda ya kamata, ga shi dusar ƙanƙara na raguwa a ƙananan tudu, lambuna na ta hawa sama zuwa Kinnaur da Lahaul-Spiti. Matasan manoma na tumɓuke manyan bishiyoyin kakanninsu suna dasa irin Gala a kan gajeren gindi na M9, mai fara 'ya'ya cikin shekara biyu ko uku. Ga kuma kasuwa: a 2023 Indiya ta cire ƙarin harajin kashi 20 cikin 100 da ta ɗora wa tuffar Amurka a 2019, manoman Himachal suka yi ta ƙorafi, domin jar Delicious ta jihar Washington ce ke gogayya da tasu a kasuwar Delhi.