Kalkulas: Lissafin da ke auna gudun mota da nisan da za ta ci

A ranar 15 ga watan Oktoban shekara ta 1997, wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan ƙasar Birtaniya mai suna Andy Green ya tuƙa wata mota da ake kira Thrust SSC a hamadar Black Rock da ke jihar Nevada ta Amurka, inda ya yi gudun mil 763 cikin sa'a guda, wato kimanin kilomita 1,228.

Wannan ne karo na farko da aka tabbatar a hukumance cewa wata mota ta zarce saurin sauti, kuma har yanzu babu motar da ta kamo ta.

Motar, wadda Richard Noble ya jagoranci aikin ƙera ta, tana da injinan jirgin sama guda biyu ƙirar Rolls-Royce Spey, kuma nauyinta ya haura tan goma. A halin yanzu tana ajiye a gidan tarihin sufuri na birnin Coventry a Ingila.

Kafin a saki irin wannan mota a fili, dole injiniyoyi su san yadda gudunta zai riƙa ƙaruwa, da nisan da za ta ci kafin ta kai ƙololuwa, da kuma nisan da take buƙata domin ta tsaya. Kuskure a ɗaya daga cikinsu yana iya cin ran direba.

Reshen ilmin lissafi da ke amsa waɗannan tambayoyi shi ake kira kalkulas.

Mene ne kalkulas?

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, inda take nufin ƙaramin dutse, irin wanda mutanen dā ke ƙidaya da shi.

Kalkulas lissafi ne na abubuwan da ke canjawa. Ya kasu gida biyu. Na farko yana auna saurin canjin abu a daidai wani lokaci. Na biyu kuma yana tara ƙananan canje-canje domin a samu jimillarsu.

Game da mota, abubuwa uku ne ke ɗaure da juna: nisa, da gudu, da ƙaruwar gudu. Gudu shi ne saurin canjin nisa. Ƙaruwar gudu kuma ita ce saurin canjin shi kansa gudun.

Matsakaicin gudu da gudun nan take

Idan mota ta ci kilomita 200 cikin sa'a biyu, matsakaicin gudunta kilomita 100 ne a sa'a. Wannan rabawa ce kawai, ba ta buƙatar kalkulas.

Da irin wannan lissafi aka auna bajintar Andy Green. A ƙa'idar hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, sai mota ta ratsa mil guda da aka auna, ta juyo ta sake ratsa shi cikin sa'a ɗaya, sannan a ɗauki matsakaici. Thrust SSC ta ci mil ɗin ne cikin kimanin daƙiƙa 4.7, ita kuwa daƙiƙa kashi ɗaya ce cikin 60 na minti.

Sai dai allurar da ke gaban direba gudun nan take take nunawa. To amma a lokaci guda tak mota ba ta ci wani nisa ba, kuma babu wani lokaci da ya wuce, ga shi ba a raba sifili da sifili.

Mafitar da kalkulas ya kawo ita ce a riƙa rage tsawon lokacin da ake aunawa, ana lura da inda amsar ta dosa.

Alal misali, a ce wata motar tsere ta tashi daga tsaye, kuma nisan da take ci a mita shi ne adadin daƙiƙoƙi a ninka shi da kansa, sannan a ninka sau biyar. Bayan daƙiƙa ɗaya ta ci mita 5, bayan biyu mita 20, bayan uku mita 45, bayan huɗu mita 80.

Ana so a san gudunta a daidai daƙiƙa ta uku.

Daga daƙiƙa 3 zuwa 4 ta ci mita 35, saboda haka matsakaicin gudunta mita 35 ne a daƙiƙa.

Daga daƙiƙa 3 zuwa 3.1 ta ci mita 3.05. Idan aka raba wannan da 0.1, za a samu 30.5.

Daga daƙiƙa 3 zuwa 3.01 kuwa, amsar ita ce 30.05.

Duk yadda aka ƙara rage lokacin, amsar tana ƙara matsowa kusa da 30. Wannan adadi da ake dosa shi ne gudun motar a daidai daƙiƙa ta uku: mita 30 a daƙiƙa, ko kuma kilomita 108 a sa'a.

Ƙaruwar gudu

Idan aka bi wannan hanya a sauran lokutan, za a tarar gudun motar mita 10 ne a daƙiƙa ta farko, 20 a ta biyu, 30 a ta uku. Ke nan gudun shi ne adadin daƙiƙoƙi sau goma.

Da yake gudun ma canjawa yake yi, ana iya auna saurin canjinsa ta hanya guda. A nan amsar a fili take: kowace daƙiƙa gudun yana ƙaruwa da mita 10 a daƙiƙa.

Wannan ya ɗan ɗara yadda gudun dutsen da aka saki daga sama ke ƙaruwa, wanda shi ne kimanin mita 9.8.

Kuma misalin bai yi nesa da gaskiya ba. Motar Bugatti Veyron da aka fitar a shekara ta 2005 tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa biyu da rabi. Tun da kilomita 100 a sa'a daidai yake da kimanin mita 27.8 a daƙiƙa, matsakaiciyar ƙaruwar gudunta ta kai mita 11 ke nan.

Daga gudu zuwa nisa

Sashe na biyu na kalkulas yana bin hanyar ne ta baya: an san gudu, ana neman nisa.

Da gudun bai canja ba, da sai a ninka shi da lokaci kawai. Amma tun da yana canjawa, sai a yayyanka lokacin ƙanana-ƙanana, a ɗauka cewa gudun bai canja ba a cikin kowane yanki, a lissafa nisan kowane yanki, sannan a tara.

A misalin da ya gabata, idan aka raba daƙiƙa ukun gida uku, aka yi amfani da gudun farkon kowace daƙiƙa, za a tara 0 da 10 da 20 a samu mita 30. Idan kuma gudun ƙarshen kowace daƙiƙa aka ɗauka, za a samu mita 60. Amsar gaskiya tana tsakani.

Idan aka yanka rabin daƙiƙa rabin daƙiƙa, adadin biyu za su koma 37.5 da 52.5. Idan aka raba kowace daƙiƙa gida goma, za su koma 43.5 da 46.5.

Duka biyun suna dosar mita 45, wato ainihin nisan da aka fara da shi.

Wannan ba dace ba ne. Auna saurin canji da tara canji kishiyoyin juna ne, kamar ninkawa da rabawa. Masana lissafi suna kiran wannan babbar ƙa'idar kalkulas, kuma ita ce ta sa ba sai an yi ta tara dubban ƙananan adadi da hannu ba.

Abin da iska ke yi

A zahiri babu motar da gudunta ke ƙaruwa bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Babban dalili shi ne iska.

Ƙarfin da iska ke tokare mota da shi yana tafiya ne da gudu a ninka da kansa. Idan gudu ya ninka sau biyu, tokarewar za ta ninka sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata domin riƙe wannan gudu kuma ya ninka sau takwas.

Saboda haka ƙaruwar gudu tana raguwa sannu a hankali. A lokacin da tokarewar iska da gogayyar tayoyi suka yi daidai da turin injin, sai ƙaruwar ta zama sifili. A nan ne mota ta kai iyakar gudunta.

A mota irin Thrust SSC lamarin ya fi haka wuya. Nauyinta yana raguwa yayin da mai ke ƙonewa, sannan halin iska yana sauyawa matuƙa idan aka kusanci saurin sauti.

Ga shi kuma gudu ya dogara ga ƙaruwar gudu, ita ma ƙaruwar ta dogara ga gudu. Injiniyoyi kan warware wannan da kwamfuta, wadda ke lissafa kowane ɗan yanki na lokaci, ta yi amfani da amsar wajen lissafa na gaba. Masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya bayyana wannan dabara tun a ƙarni na 18.

Batun tsayawa

Taka birki ma canjin gudu ne, sai dai raguwa ce maimakon ƙaruwa.

Idan raguwar bai ɗaya ce, kalkulas ya nuna cewa nisan tsayawa shi ne gudu a ninka da kansa, sannan a raba da ninki biyu na raguwar.

Thrust SSC tana cin kimanin mita 341 a daƙiƙa. A ce gudunta na raguwa da mita 10 a kowace daƙiƙa, za ta ɗauki daƙiƙa 34 kafin ta tsaya, ta kuma ci kusan kilomita shida. Wannan ya sa aka haɗa mata da laima irin ta sauka daga jirgi baya ga birki, kuma aka zaɓi busasshen fili mai faɗin gaske.

Wannan ƙa'ida ce dai ke aiki a kan kowane titi.

A ce birkin ƙaramar mota yana rage gudunta da mita 7 a kowace daƙiƙa, kamar yadda ake iya samu a busasshiyar kwalta. Idan tana gudun kilomita 60 a sa'a, za ta tsaya bayan kimanin mita 20. Idan kilomita 120 take yi, sai ta ci kimanin mita 80.

A ce kuma direban ya ɗauki daƙiƙa ɗaya tsakanin hango haɗari da taka birki. Jimillar nisan za ta zama kimanin mita 37 ga na farko, mita 113 ga na biyu.

A daidai wurin da motar farko ta tsaya cik, ta biyun tana nan tana gudun fiye da kilomita 115 a sa'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na shekara ta 2023, kimanin mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma gudun wuce kima yana cikin manyan dalilai.

Su wa suka gano shi?

Tushen wannan ilmi ya daɗe. Archimedes na ƙasar Girka ya auna faɗin siffofi masu lanƙwasa ta hanyar yayyanka su, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ibn al-Haitham, haifaffen Basra wanda ya yi aiki a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya gano hanyar tara jerin adadin da aka ninka kowanne da kansa sau huɗu, ya kuma yi amfani da ita wajen auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya.

A ƙarni na 14, Madhava na yankin Kerala a Indiya ya yi aiki da jerin adadi marasa iyaka. A shekara ta 1638 kuma Galileo na Italiya ya wallafa cewa nisan da abu mai faɗowa ke ci yana tafiya ne da lokaci a ninka da kansa.

Amma waɗanda suka haɗa waɗannan dabaru suka zama ilmi guda su ne Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus.

Newton ya gano nasa tsarin a shekarun 1665 da 1666, amma ya jinkirta wallafa shi. Leibniz ya fara wallafa nasa a shekara ta 1684.

Daga baya magoya bayan Newton sun zargi Leibniz da satar fasaha, aka yi ta taƙaddama har ya rasu a shekara ta 1716. A yau masana tarihi sun amince cewa kowanensu ya gano abin ne da kansa, kuma alamomin Leibniz ne aka fi amfani da su a makarantu.

Inda ake amfani da shi

Motocin zamani suna ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai auna canjin gudu. Idan ta ji gudun ya ragu farat ɗaya, irin yadda yake faruwa a lokacin karo, sai ta sa jakar iska ta buɗe domin kare direba.

Jiragen sama da jiragen ruwa masu tafiya a ƙarƙashin teku ma suna da irin wannan na'ura. Kwamfutarsu tana tara ƙaruwar gudu ta samu gudu, ta sake tara gudun ta samu nisa, ta haka jirgin ke sanin inda yake ko da babu saƙon tauraron ɗan Adam.

A fagen neman zarce Thrust SSC kuwa, wata motar Birtaniya mai suna Bloodhound ta kai gudun mil 628 a sa'a a filin Hakskeen Pan na Afirka ta Kudu a shekara ta 2019. Andy Green ne ya sake tuƙa ta.