Me Ya Sa Sukuru Mai Rami Kusurwa Huɗu Ya Tsaya a Kanada?

Duba bayan rediyonka. Sukurun da za ka gani, ko mai tsaga ɗaya ne, ko mai alamar tarawa, wato Phillips. Amma akwai wani mai rami kusurwa huɗu da ya fi su riƙe sukundireba, da wuya ya zame. Wani ɗan Kanada, Peter Robertson, ya fara ƙera shi a garin Milton a 1908.

An yi amfani da shi a motocin Ford Model T na Kanada, aka ga yana rage kusan awa biyu wajen haɗa kowace mota. Sai Henry Ford ya nemi lasisin ƙerawa. Robertson ya ƙi, don ya taɓa shan wuya a wata yarjejeniya a Ingila. Ford kuwa bai yarda ya dogara da mai sayarwa ɗaya ba.

Shi kuma Henry Phillips, raba lasisin nasa ya yi wa kamfanoni. General Motors ta sa shi a Cadillac a 1936, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara baza shi. Shi ya sa har yau kafintan Kanada Robertson yake ɗaurawa, kai kuwa Phillips kake tararwa a kasuwa.