Ƙaramar Mota da Babbar Mota: Wa Ya Koya Daga Wa?

Masu wasa da ƙananan motocin lantarki, irin waɗanda ke gudu a kan faifai mai tsaga, sun daɗe suna iƙirarin cewa a wurinsu manyan motocin tsere suka ari dabaru. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an cika mata gishiri. Fred Francis ya fito da irin waɗannan motoci masu suna Scalextric a Ingila a 1957, wasan ya bunƙasa a Amurka a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 1966 Jim Hall ya ɗora wa motarsa ta tsere Chaparral 2E dogon fiffike don iska ta danne ta a ƙasa. Haɗuwar zamani ba hujja ba ce. Hall injiniya ne da ya yi karatu a Caltech, kamfanin Cox kuwa shi ya riƙa kwaikwayon motocinsa yana sayar wa yara. A nan, daga tudu ruwan ya gangaro.

Abin da ƙarami ya bai wa babba shi ne hanyar aiki: a gwada a kan abin da ɓarnarsa ba ta da tsada. Kafin motar Lotus 78 ta shiga tsere a 1977, injiniya Peter Wright ya yi ta gwaji da ƙaramin samfuri a ɗakin hura iska na Imperial College da ke Landan. Da aka toshe gefen samfurin da kwali, sai aka ga iskar da ke bi ta ƙarƙashi tana tsotso shi ƙasa. Har yau dokar Formula 1 ba ta yarda samfurin gwaji ya wuce kashi 60 cikin ɗari na girman mota ba. Mai zana motocin tsere Adrian Newey ma da haɗa ƙananan motocin kamfanin Tamiya ya soma tun yana yaro.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Arewa ta Nijar. Bayan girbin hatsi, a Dogon Dutsi ko Tibiri, yaro kan fere kara ya harhaɗa mota, ko ya lanƙwasa waya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗora gwangwanin sardin a matsayin bodi. Samfurinsa manyan motocin da ke ratsa kwaltar Yamai zuwa Ƙonni ne. A ganina ya ma fi yaron Turai wahala, domin tsaga ce ke riƙe motar lantarki, mai ita gudu kawai yake ƙarawa ko ragewa. Shi kuwa na Dutsi sai ya warware matsalar sitiyari da kansa, ya haɗa doguwar sanda da gatarin gaba ta yadda tayoyi biyu za su juya tare cikin rairayi.

Inda suka rabu shi ne awo. Wright yana da ma'auni da ke ba shi lamba, ya rubuta, ya sake gwadawa. Yaronmu ido ne ma'auninsa, kuma idan ya girma aka kai shi gareji, shekarunsa na farko a wanke ƙarfe da miƙa wa maigida sifana suke tafiya.