Kafin WhatsApp, ta ina labarin gurbin jami'a yake zuwa?

1/ Ku matso, yau tarihi za mu taɓa. An kafa JAMB a 1978. Lokacin, takardar samun gurbi ta gidan waya take zuwa.

2/ Babana adireshin firamaren ƙauyensu ya rubuta. Wasiƙarsa ta yi wata biyu a aljihun tebur. Kafin ta iso hannunsa an rufe rajista. Shekara guda ta tafi a banza!

3/ A 2017 JAMB ta kawo CAPS: a wayarka za ka ga gurbinka, ka karɓa.

4/ Amma fa idan ka zauna jiran "an ce" a guruf, wa'adi zai wuce ka kamar Baba. Shi yana da uzuri. Kai fa? Shiga shafin da kanka, ɗan'uwa.