Tarihin Rabon Duniya Nahiya-Nahiya

Nahiya babban yanki ne na tudu wanda teku ya kewaye gaba ɗaya ko kusan gaba ɗaya. Wannan ma'ana tana da sauƙin faɗi, amma ba ta taɓa sa mutane sun yarda da adadi guda ba. A darasin labarin ƙasa na makarantun Potiskum, kamar na sauran Nijeriya da Ingila da Indiya da Sin, ana lissafa bakwai: Afirka, Asiya, Turai, Arewacin Amurka, Kudancin Amurka, Ostareliya da Antatika. A Meziko da Ajantina da Sifen shida ake koyarwa, domin Amurka guda ce a wurinsu. A Rasha ma shida ne, sai dai su Turai da Asiya suke haɗewa. Babu wata hukumar duniya da ta yanke hukunci a kan wannan, kowace ƙasa abin da ta gada take bi.

Asalin rabon

Girkawa ne suka fara shi. Matuƙan jiragensu sun kira gaɓar yamma da tekunsu Turai, ta gabas kuma Asiya, daga baya suka ƙara ta uku, wato Libiya, sunan da suke kiran abin da suka sani na Afirka. Tun a ƙarni na 5 kafin Miladiyya masanin tarihinsu Herodotus ya nuna rashin gamsuwa, yana ganin ƙasar a haɗe take, bai ga dalilin ba ta sunaye uku ba. A lokacin Kogin Nilu ake ɗauka iyakar Libiya da Asiya, abin da ya raba Masar biyu. Sannu a hankali aka mayar da iyakar zuwa Bahar Maliya da zirin ƙasar Suwez. Sunan Afirka kuwa na wani lardi ne da Rumawa suka kafa bayan sun rushe birnin Kartej a shekara ta 146 kafin Miladiyya. Larabawa suka gaje shi suna cewa Ifriƙiyya, suna nufin Tunisiya da kewayenta, ƙasar Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai Risala da ake karantawa a zaurukanmu.

Iƙlimai bakwai

Malaman Musulunci sun san rabon Girkawa, amma ba shi suka gina iliminsu a kai ba. Sun raba ƙasar da mutane ke zaune a cikinta zuwa iƙlimi bakwai, kowanne shimfiɗe daga yamma zuwa gabas, ana auna su da tsawon yini da kusancin rana. Al-Khwarizmi ya bi wannan tsari a Bagadaza a ƙarni na 9. Al-Idrisi ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a Sisili a 1154, inda ya yanka kowane iƙlimi gida goma, ya fitar da taswira 70, kudu a sama, arewa a ƙasa. Takrur da Gana da Kanem, har da garuruwanta Manan da Anjimi, duk a iƙlimi na farko suke. Ibn Khaldun ya ɗauko wannan rabo a Muƙaddimarsa ta 1377.

A wannan tsari teku ba iyaka ba ce. Mutumin Kanem da na kudancin Yemen 'yan iƙlimi ɗaya ne, saboda zafin ranarsu da tsawon yininsu sun yi kusa, ko da Bahar Maliya na tsakaninsu. Wannan ya yi daidai da yadda mutanen yankin Tafkin Chadi suke ba da labarin kansu. Sarakunan Saifawa sun danganta kansu da Saifu bin Zi Yazan na Yemen, Bolewan Fika ma labarin asalinsu daga Yemen yake farawa, Bayajida kuma daga Bagadaza aka ce ya taso. Ko masu tarihi sun karɓi waɗannan labarai ko sun yi musu wata fassara, sun nuna cewa a tunanin magabata gabas gida ce.

Wasu al'ummu ma da nasu lissafin. Littattafan Hindu sun ambaci tsibirai bakwai, na mabiya Buda manyan ƙasashe huɗu kewaye da Dutsen Meru, wani masanin Sin mai suna Zou Yan kuma ya ce tara ne.

Takrur da hanyar gabas

Marubutan Borno da na ƙasar Hausa da ƙasashe da al'ummu suke rarrabe duniya: Sudan, Magrib, Masar, Hijaz, Sham, Rum. Imam Ahmad bin Furtu, limamin Ngazargamu, wadda kangonta ke cikin Jihar Yobe ta yau, ya rubuta yaƙoƙin Mai Idris Alauma a shekarun 1570, ciki har da waɗanda ya yi da Ngizim, kuma da sunan kabila da gari yake fayyace kowane wuri. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, ya kira yankin da ya siffanta Biladut Takrur, ya bi shi ƙasa-ƙasa tun daga Darfur da Wadai da Bagarmi da Borno zuwa yamma. Da Bature matafiyi Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya sa aka zana masa taswirar ƙasar, wadda aka buga a Landan a 1826.

Hanyar hajji ta ƙasa ita ce taswirar talaka. A da maniyyata suna bin Kano zuwa Potiskum da Damaturu da Maiduguri, su shiga Chadi, su ratsa Darfur da Kurdufan, su kai Sawakin ko Port Sudan, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna noma ko ƙwadago, wasu su zauna har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a ƙasar Gongola kusa da ƙasar Fika, ɗansa, shi ma mai suna Muhammadu Bello, ya ci gaba da jama'a har suka kafa Mai Wurno a Sudan. A taswirar makaranta, ƙetare Bahar Maliya fita ce daga Afirka zuwa Asiya. Su alhazan nan zango na ƙarshe suka ɗauke shi.

Yadda aka kai bakwai

A 1507 Bajamushe Martin Waldseemüller ya buga taswira da ya sa wa sabuwar ƙasar yamma suna Amurka, sassan duniya suka zama huɗu a wurin Turawa. Iyakar Turai da Asiya ta fi ba su wahala, tunda babu teku a tsakani. Wani hafsan Suwidin, Strahlenberg, ya ba da shawara a 1730 a ɗauki tsaunukan Ural, aka bi shi. Matthew Flinders ya yaɗa sunan Ostareliya a littafinsa na 1814. An fara hango Antatika a 1820. Mashigin Suwez da aka buɗe a 1869 da na Fanama a 1914 sun sa layin da ke kan takarda ya zama ruwa na gaske.

Wannan tsari ya shigo Arewa tare da boko, daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 zuwa Kwalejin Katsina. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi kunnen jama'a, ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 da kuma bakin sojojin da suka dawo daga Boma.

Lissafin wasanni dabam yake. Zobba biyar na gasar Olamfik, waɗanda Pierre de Coubertin ya zana a 1913, suna tsaye ne a madadin nahiyoyi biyar da mutane ke zaune. FIFA tana da hukumomin nahiya shida, kuma Ostareliya ta koma ta Asiya a 2006, Kazakistan ta koma ta Turai a 2002.

Abin da duwatsu suka nuna

Alfred Wegener ya faɗa a 1912 cewa nahiyoyi a haɗe suke a da, suka rabu. Sai a shekarun 1960 masana suka amince. Shaida guda tana ƙarƙashin ƙafar mutanen Yobe ta kudu. Kwarin Binuwai, wanda reshensa na Gongola ya miƙo har ƙasar Fika, tsagewa ce da ta faru lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, fiye da shekara miliyan 100 a lissafin masana. Teku ta taɓa shiga wannan kwari, kuma lakar da ta bari masana suka sa mata sunan Fika. A ma'aunin waɗannan masana Turai da Asiya abu ɗaya ne, tsibirin Larabawa kuma daga jikin Afirka ya ɓalle. A 2017 wasunsu suka nemi a ƙidaya Zilandiya, ƙasar da kusan kashi 94 cikin ɗari nata ke ƙarƙashin ruwa.

Rabo mafi illa a yau shi ne wanda hukumomin kuɗi da na agaji ke yi, na yanke Afirka a Sahara su haɗa arewacinta da Gabas ta Tsakiya. Wannan layi yana shafe tarihin da Borno ta fi kowa sani: hanyar Kawar da Fezzan zuwa Tarabulus, masaukin ɗaliban Kanem da aka kafa a Alƙahira a ƙarni na 13, da jakadun da Mai Idris ya aika Istambul. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa a Addis Ababa ran 25 ga Mayu 1963 ta ƙi wannan rabo tun ranar farko. Magajiyarta, Tarayyar Afirka, tana da mambobi 55 tun dawowar Maroko a 2017, daga Masar wadda yankinta na Sina'i ke cikin Asiya har zuwa tsibiran Madagaska da Kef Bade.