Hukuncin Jinkiri a Wasan Golf

Wasan golf, wanda ya samo asali a ƙasar Sikotilan, ba shi da agogon da ke tsayar da shi, domin nasara tana ga wanda ya jefa ƙwallo cikin ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci. Wannan ya sa jinkiri ya daɗe yana addabarsa, kamar yadda ɗan kokawa mai gudun kamu yake gajiyar da 'yan kallo a filayen Filinge da sauran ƙasar Kurfai.

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokinsa, wato R&A ta garin St Andrews da USGA ta Amurka, kuma an daɗe ana ganin akwai sakaci wajen hukunta manyan 'yan wasa kan jinkiri. Shi ya sa aka yi ta muhawara a shekarar 2013, lokacin da aka ƙara wa Guan Tianlang, yaro ɗan shekara 14 daga ƙasar Sin, bugu ɗaya a gasar Masters saboda jinkiri, abin da ya yi tsauri ga mai shekarunsa.

A gyaran dokokin wasan na 2019 an shawarci ɗan wasa ya buga cikin daƙiƙa 40, an kuma rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti 5 zuwa 3.