Asalin Kalma: Gyara

Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an gama awo. Daga aikatau ta fito: a gyara abu, a daidaita shi. Mai saye kan dubi mudu ya ce, "Haba Alhaji, a gyara mana," sai mai hatsi ya ƙara tafi guda. Kalmar ta bi fatake har kudu, inda ake ce mata jara.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, matattarar rodi da kwanon rufi da kayan gyaran mota, ma'anonin biyu na zaune rumfa ɗaya. Kafintan da ke sayen ƙusa kullum, in an ɗora masa a sikeli, akan watsa masa 'yan ƙwayoyi a kai. Baƙo kuwa sai ya roƙa. Ɗan kasuwa ya san wanda zai dawo.

Gidajen caca na Las Vegas a Amurka sun mai da wannan al'ada lissafi. Ma'aikaci na rubuta yawan kuɗin da mutum ke zubawa a tebur da awannin da ya zauna, a ƙiyasta abin da gidan zai ci a jikinsa, sannan a mayar masa da wani ɓangare: abinci, ɗakin otal, wani lokaci har tikitin jirgi. Kiran wannan gyara ƙarfin hali ne, don asarar mutum ake aunawa. A Kano dai, inda aka ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisbah ce ke bin 'yan caca.